Layi a takarda, turba a ƙasa: wace hanya taswirar Ingila take nunawa?

Ɗauka kana tsaye a bakin wata gonar alkama a karkarar Ingila da taswira a hannunka. Taswirar ta ja koren layi mai tsinke-tsinke ya ratsa tsakiyar gonar, daga kusurwar da kake zuwa wani ƙauye da kake hango hasumiyar cocinsa. Ka dubi ƙasa, babu ko sawu ɗaya. Alkama ta kai gwiwa, ta rufe ko'ina. Can jikin shinge kuwa ga wata turba fes, ƙafafu sun daɓe ta, har da sawun karnuka. Wacce za ka bi?

Baƙo mai kunya zai bi ta jikin shinge, yana ganin ya kyauta wa manomi. A wajen doka kuwa shi ne ya shiga gonar mutane ba izini. Wanda ya kutsa cikin alkamar, ya bi layin nan da ido ba ya gani, shi ne a kan haƙƙinsa, kuma manomin da ya bari shuka ta rufe hanyar shi ne mai laifi. Dokar 1990 ta ba manomi damar nome hanyar ƙafa da ta ratsa tsakiyar gona, amma da sharaɗin ya mayar da ita cikin kwana 14, ya bar faɗin aƙalla mita 1, ko mita 2 idan ta masu doki ce. Wadda ta bi gefen gona kuwa ba a yarda garma ta taɓa ta ba sam.

To a nan taswirar ta yi ƙarya ko ta faɗi gaskiya? Wanda ya dawo gida da wando jiƙe da raɓa zai ce taswirar banza ce. Ni kuwa ina ganin tambayar ce ba a yi ta daidai ba. Idan mutum ya ce taswira ta yi daidai, abu uku daban-daban yake iya nufi: ta nuna inda doka ta ba shi ikon wucewa, ko ta nuna inda turba take a ƙasa, ko ta nuna inda zai bi ya fita lafiya. Yawancin lokaci ukun suna haɗuwa a layi ɗaya, shi ya sa ake manta cewa uku ne. Rigima tana tashi ne a wuraren da suka rabu.

Abin da ake kira hanyar jama'a a Ingila da Wels ba mallakar gwamnati ba ce. Ƙasar ta mai gona ce, har ciyawar da ke kanta. Abin da jama'a suke da shi haƙƙin wucewa ne kawai, su je su dawo, su ɗan tsaya su huta, amma kada su kauce. A dokance matsayin 'yar turbar da ta bi bayan rumbun wani ɗaya yake da na babban titi. Toshe ta laifi ne. Irin waɗannan hanyoyi sun kai kimanin mil 140,000, kuma kashi huɗu ne, kowane da launin kibiyar da ake maƙalawa a jikin gungume. Rawaya ta masu ƙafa ce kaɗai. Shuɗiya ta masu ƙafa da masu doki, kuma tun 1968 har da masu keke. Mai ruwan makuba ta ƙara da keken doki, ban da abin hawa mai inji. Ja kuwa kowa da kowa, har mota.

Akwai wata tsohuwar ƙa'idar shari'arsu da komai ya rataya a kanta: abin da ya taɓa zama hanya, hanya ne har abada. Rashin bi ba ya kashe ta. Ko ƙaya ta cinye ta shekara ɗari, ko an gina garejin mota a kanta, haƙƙin yana nan sai idan hukuma ta bi matakan doka ta rufe ta ko ta karkatar da ita. Wannan ƙa'ida ita ce ta sa taswira take iya nuna hanya a inda babu komai, kuma ba ta yi kuskure ba.

Kafin 1949 babu wani rajista. Idan mai ƙasa ya kafa ƙofa ya garƙame, sai dai a je kotu a tara tsofaffi su yi rantsuwa cewa tun suna yara suke bi. Ma'aikatan masana'antu na biranen arewa, waɗanda ranar Lahadi kaɗai suke samu su shaƙi iska, su ne suka fi jin jiki. A ranar 24 ga Afrilu 1932 ɗaruruwansu, yawanci daga Mancesta, suka hau tudun Kinder Scout da gangan, wurin da aka killace don harbin wasu tsuntsaye dangin makwarwa. Aka yi 'yar dambarwa da masu gadi, aka ɗaure mutum biyar, ciki har da jagoransu Benny Rothman. Abin da suke nema ya fi hanya faɗi, so suke a bar su su yi yawo a tsaunuka, amma ɗaurin ya jawo wa batun tausayin jama'a. Bayan yaƙin duniya na biyu majalisa ta yi dokar 1949, wadda ta kafa gandayen shaƙatawa na ƙasa, ta kuma umarci kowace majalisar gunduma ta zana duk hanyoyin jama'a da ke yankinta a taswira guda, tare da rubutaccen bayani a kan kowace. Bari mu kira ta taswirar raba-gardama, don aikinta ke nan: idan hanya tana cikinta, magana ta ƙare, kotu ba ta neman wata shaida.

Sai dai gefe ɗaya take raba gardamar. Kasancewar hanya a cikinta hujja ce cewa akwai haƙƙi. Rashinta a ciki ba hujja ba ce cewa babu. Haka kuma idan ta ce hanyar ƙafa ce, wannan bai hana a zo daga baya a tabbatar cewa masu doki ma suna da haƙƙi ba.

A nan ya kamata a tsaya a duba yadda aka yi ta, don kusan duk matsalar yau daga can ta samo asali. Gundumomi ba su da ma'aikatan da za su taka kowace turba, sai suka miƙa aikin ga ƙananan majalisun ƙauyuka a farkon shekarun 1950. A wani ƙauyen a samu mutane masu himma su zaga lungu-lungu da fensir da kati, su rubuta kowace ƙofa da kowace gada. A ƙauyen da ke maƙwabtaka kuma shugaban majalisar shi ne mai gonakin, ko kuma rabin 'yan majalisar haya suke zaune a gidajensa. Ba sai an faɗa maka hanyoyin da aka manta ba. Wasu kuma ba da mugunta suka bari ba. Sun ga wani burtali kowa na bin sa da keken shanu, suka ɗauka ai wannan titi ne, ba ya cikin abin da aka ce su rubuta. Daga baya kwalta ba ta zo masa ba, bai shiga jerin tituna yadda ya kamata ba, bai shiga na hanyoyin ƙafa ba, ya faɗa tsakani.

Sakamakon yana nan a bayyane ga duk wanda ya buɗe taswira ya ƙura ido. Za ka ga koren layi ya taho tiryan-tiryan, ya tsaya cak a tsakiyar fili, ba kogi ba dutse. Duba da kyau, iyakar ƙauye biyu ce a wurin: na farko ya rubuta rabinsa, na biyu bai rubuta ba. Ko ka ga hanyar doki ta rikiɗe ta koma ta ƙafa a kan iyaka, wato a dokance mahayi ya iso nan sai dai ya juya, tunda ba zai saɓa dokin a kafaɗa ba. Gundumomin tsakiyar Landan ma ba a wajabta musu yin taswirar ba tun farko.

Taswirar da mai yawo yake saya a kanti kuwa ba ita ce ta raba-gardama ba, kwafi ce. Hukumar Ordnance Survey ce take buga ta, hukumar da aka kafa a 1791 don bukatun soja, wadda tushenta ya koma ga safiyon da William Roy ya yi wa Sikotlan bayan tawayen 1745. Wajen auna ƙasa ba a raina ta. Shinge, rijiya, kwari, duk suna inda ta ce. Amma ba ita ke yanke hukunci a kan haƙƙi ba. Tana karɓar bayanan hanyoyin jama'a daga gundumomi ne ta ɗora a kan zanenta, kore a jerin Explorer, ja-ja a jerin Landranger. Idan gunduma ta karkatar da hanya a bana, takardar da ka saya shekara biyar da suka wuce ba ta san an yi ba. Sauran turbobin da masu safiyo suka gani da idonsu kuma baƙin layi ne mai tsinke-tsinke, kuma tun ƙarshen ƙarni na 19 hukumar take buga gargaɗi a gefe cewa zana turba ba shaida ba ce ta haƙƙin wucewa. Saboda haka a gonar alkamar nan mai yiwuwa taswirar ta nuna layi biyu, kore ta tsakiya, baƙi ta gefe, kuma kowanne gaskiya ya faɗa. Tambayoyin da suke amsawa ne daban. Akwai ma na uku, mai ruwan lemo, na hanyar da mai ƙasa ya ba da aro don kansa, wadda yake iya janyewa gobe.

Ga kuma batun ma'auni, wanda lissafi ne zalla. A taswirar Explorer, mai ma'aunin 1:25,000, milimita 1 a takarda mita 25 ce a ƙasa. A Landranger, mai 1:50,000, mita 50 ce. Hanyar da faɗinta mita 1 ne, da za a zana ta da ainihin girmanta, ido ba zai gan ta ba, don haka dole a kumbura ta. Idan hanya da rafi da shinge suka jeru kusa da juna, mai zane yakan ɗan matsar da ɗaya don kada su hau kan juna. Asalin takardun shekarun 1950 ma da yawa a ma'aunin inci 6 ga mil aka yi su, wato 1:10,560, da alƙalami mai kauri. Layin tawada mai faɗin milimita 1 ya rufe sama da mita 10. Ta wane gefen shinge hanyar ta bi ke nan, ta cikin lambun wannan ko ta makiyayar wancan? An sha kiran zaman sauraron jama'a, da lauyoyi da masu safiyo, a kan kaurin bakin alƙalamin wani akawu da ya daɗe da rasuwa. Da aka mayar da taswirorin cikin kwamfuta sai abin ya ƙara rikicewa, domin allo yana barinka ka zuƙo hoto yadda kake so. Layin da aka ja da hannu a gurguje sai ya fito siriri tsaf kamar an auna shi da santimita, alhali ba haka aka yi shi ba.

Wayar hannu ta zo da nata. A fili buɗaɗɗe, shuɗin ɗigon da ke nuna inda kake yakan yi kuskuren 'yan mitoci. A ƙarƙashin itatuwa ko cikin kwazazzabo ya fi haka. Ƙari a kan wannan, tsarin lambobin wuri na taswirorin Birtaniya ya dogara ne a kan awon da aka fara a 1936, kuma ya bambanta da wanda tauraron ɗan'adam yake amfani da shi da kusan mita 100 a wurare da dama. Manhaja mai kyau tana daidaita su ba ka sani ba. Wanda ya kwafi lambobi daga wannan tsari ya zuba a wancan da hannu zai tsinci kansa a gonar maƙwabci.

Amma duk wannan ƙaramin abu ne idan aka kwatanta da hanyoyin da ba a rubuta ba sam. Dokar shekarar 2000, wadda ta buɗe tsaunuka da wasu filayen da ba a nomawa ga masu yawo, wajen kashi 8 cikin 100 na Ingila, ta zo da wani sharaɗi a ƙunshe: duk tsohuwar hanyar da take tun kafin 1949 amma ba ta shiga rajista ba zuwa 1 ga Janairu 2026, haƙƙinta ya mutu. Wato an sa wa ƙa'idar nan ta har abada wa'adi. A 2020 ƙungiyar masu yawon ƙafa ta Ramblers ta tara dubban 'yan sa-kai suka riƙa gwama tsofaffin taswirori da na yanzu, murabba'i bayan murabba'i, suka fito da sama da mil 49,000 na turbobin da ake zaton sun salwanta. Zato ne, a lura. Ba kowace turba da ke tsohuwar taswira ce ta jama'a ba, wata ta ma'aikatan gona ce kawai. Gwamnati ta yi ta kwan-gaba-kwan-baya: a 2022 ta ce za ta soke wa'adin, a 2023 ta fasa ta ɗaga shi zuwa 2031, a Disamba 2024 sabuwar gwamnati ta sake cewa za ta soke.

Da tsohuwar zuma ake wannan magani. Mai son mayar da hanya cikin rajista sai ya shiga ɗakin adana takardun tarihi ya tono shaidu: takardun rabon filayen gama-gari na ƙarni na 18 da na 19, taswirorin harajin coci na bayan 1836, zanen da kamfanonin jirgin ƙasa suka miƙa wa majalisa kafin su shimfiɗa dogo. Wanda ya fi ba ni dariya shi ne na harajin ƙasa na 1910. A wancan lokaci mai gona yana samun ragin kuɗi idan ya amsa cewa hanyar jama'a ta ratsa gonarsa, don haka mutane suka yi ta amsawa da bakinsu. Yau takardar da kaka ya sa wa hannu don ya rage haraji ita ake shimfiɗa wa jika a kan tebur yayin da yake rantsuwa cewa ba a taɓa bin wurin ba.

Ba na cikin masu ɗaukar manoma a matsayin miyagun wannan labari. Mutum ya sayi gida, lauyansa ya duba rajista bai ga komai ba, bayan shekara goma a zo da takardar 1840 a ce hanyar doki ta bi ta tsakar gidansa. Wannan ba ƙaramin tashin hankali ba ne, kuma neman a tsayar da rana a rufe littafi ba hauka ba ne. Inda na rabu da su shi ne wanda zai biya kuɗin jinkirin. Gundumomi suna da tarin buƙatu dubbai da ba su duba ba, wasu sun shekara goma ko fiye a layi, ma'aikatan sashen kuma 'yan ƙalilan ne. Kashe haƙƙin da ya shekara ɗari biyu saboda ofis bai samu sukunin buɗe fayil ba, hukunta jama'a ne a kan laifin da ba nasu ba.

Abin mamaki kuma, ƙafa ma tana rubuta doka. Tun dokar 1932, wadda yanzu take cikin dokar hanyoyi ta 1980, idan jama'a suka shekara 20 cur suna bin wuri ba da ƙarfi ba, ba a ɓoye ba, ba kuma da izinin mai shi ba, kuma bai taɓa nuna ƙin yarda ba, ana ɗauka ya sadaukar da hanyar. Koma gonar alkamar nan. Idan kowa ya ci gaba da bin jikin shinge shekara 20 manomi yana kallo, turbar gefen tana iya zama hanyar jama'a, ta tsakiyar kuma ba ta mutu ba, sai ya wayi gari da biyu. Shi ya sa masu ƙasa suke kafa allo mai cewa da izini ake bin nan, ko su rufe ƙofa rana ɗaya a shekara, ko su ajiye sanarwa a ofishin gunduma cewa ban da waɗanda ke rajista ba su sadaukar da komai ba.

Saura tambaya ta uku, ta fita lafiya, wadda taswirar raba-gardama ba ruwanta da ita. A gaɓar Essex, a kudu maso gabashin Ingila, akwai Broomway, hanyar jama'a cikakkiya mai tsawon wajen mil 6, wadda ta bi ta kan yashin teku zuwa tsibirin Foulness. Sau biyu a yini ruwa yake rufe ta, kuma yana dawowa da saurin da mai ƙafa ba ya tsere masa. Ana ƙiyasin ta ci mutum sama da 100 a tarihinta. Haƙƙinka na bin ta bai da tantama. Taswira ta zana ta, ta kuma rubuta a gefe cewa a nemi shawarar 'yan gari, wato dai matambayi ba ya ɓata. A tsaunukan arewa ma akwai korayen layuka da suka miƙe ta kan gangare mai hatsari, saboda wani ya ja su a ofis shekaru 70 da suka wuce, alhali turbar da mutane suke bi ta zagaya ta wani gefen.

Nan ne nake ganin manhajojin waya sun fi yin ɓarna, kuma ba don bayanansu ba su da kyau ba. OpenStreetMap, taswirar intanet wadda Steve Coast ya fara a 2004, 'yan sa-kai ne suke cika ta da abin da suka taka da ƙafarsu, kuma sau da yawa ta fi takarda sanin inda turba take a yau. Tana ma da gurbin rubuta matsayin kowace hanya a doka. Amma manhajoji da dama da suke ɗiba daga gare ta ba sa nuna wannan bambanci. Hanyar jama'a, ta aro, ta tumaki, da wadda wani ɗan tsere ya yanke sau ɗaya ya ɗora a intanet, duk layi ɗaya launi ɗaya. A 2021 ƙungiyoyin masu hawan dutse a Sikotlan sun yi gargaɗi cewa wani layi mai ɗige-ɗige da Google Maps take nunawa zuwa ƙolin Ben Nevis, tsauni mafi tsawo a Birtaniya, yana iya kai mutum ga halaka. Tsohuwar takarda, duk da tsufanta, tana gaya maka da launi wace tambaya take amsawa.

A Sikotlan ɗin ma lissafin daban ne. Dokar 2003 ta ba kowa damar ratsa kusan kowace ƙasa muddin ya kiyaye, babu taswirar raba-gardama irin ta kudu, kuma Ordnance Survey ba ta zana korayen layukan haƙƙi a can. Wanda ya saba da Ingila ya buɗe taswirar Sikotlan zai zaci babu inda aka yarda ya taka.

Wuri guda da doka ta yarda cewa ƙasa ba ta zama wuri ɗaya shi ne bakin teku. A tsohuwar ƙa'ida, idan gaɓa ta zabtare da hanya, haƙƙin ya bi ta cikin ruwa, ko da layin yana nan a takarda yana shawagi a kan igiyar ruwa. Dokar 2009, wadda ta kafa hanyar da za ta kewaye gaɓar Ingila, kimanin mil 2,700, ta sauya wannan a sassan da teku yake ci: an rubuta tun farko cewa hanyar za ta riƙa ja da baya tare da gaɓar, ba sai an sake zaman shari'a ba. A gabashin Yorkshire, inda teku yake cin wajen mita 2 na ƙasa a shekara, manomi ya san tun yau cewa turbar za ta matso cikin gonarsa baɗi, mai buga taswira kuma ya san layin da ya ja zai tsufa kafin kwafin da ya buga su ƙare a kanti.